Kawu Ya Cire Igiyar

Wata uku da rabi ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sau uku na fara wannan rubutu, sau uku na yage. Na farko ya yi tsawo. Na biyu na ga kamar na yabi Kawu fiye da kima, yabon da ya wuce kima kuwa ƙanen ƙarya ne. Na uku ban samu laifi ko ɗaya a cikinsa ba, shi ne ya fi ba ni tsoro. Ni tela ne, karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, kuma na san Kawu yana da 'ya'yan da suka yi jami'a, su ya kamata su rubuta. Amma mai ɗakina ta ce ko dai in rubuta, ko in daina bin ta har madafa da zancen. Ga Ista kuma ta matso. Shi ya sa na zauna.

Ba zan kira sunan kowa ba, mai rai ko mamaci. Har mutanen da ke cikin Littafi Mai Tsarki ba zan kira sunayensu ba, sai Almasihu kaɗai, don kada in rubuta wani ba daidai ba a tambaye ni ranar gobe.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Kafinta ne, kuma dattijo a ƙaramin cocinmu da ke unguwar Takur a Dutse. Ubangiji ya kira shi wata Talata da hantsi, ana saura mako biyu Kirsimeti, yana zaune a shagonsa a kan wata kujera da bai gama haɗawa ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce gwada ta yake yi ya ga ko za ta ɗauki mutum. Ta ɗauka.

Zaman makoki ya cika har bakin titi. Zumuntar mata suka zo da zanensu iri ɗaya, suka yi waƙa har muryoyi suka dushe. Malam maƙwabcinsa, mai makarantar allo, ya shigo da jama'arsa suka zauna a tabarmar maza. Kawu ne yake yanka masa alluna tun zuwansu unguwar. Malam ya yi wa Inna gaisuwa, ya ce shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu, bai taɓa ganin Kawu ya ci amanar ko kaza ba, sai dai duk shekara in zafi ya yi yana jiyo labari ta kan katanga wai ya sake sayar da mutum. Aka yi dariya, har da masu hawaye.

Wata tsohuwa da ta zo daga wajen Ringim ba ta yi dariya ba. Sau ɗaya ta taɓa kallon wasanmu na Ista, kuma tun daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwar Kawu ba. Ta matsa kusa da Inna ta tambaye ta ko mutumin ya samu ya tuba kafin ya cika. Inna ta ce, "Ya tuba, Iya. Duk shekara ma."

Ni kuwa kukan da na yi ya fi na 'ya'yan cikinsa, har babbar 'yarsa ta ce a kawo mini ruwa a fitar da ni inuwa. Mutane suka ce ƙauna ce. Akwai ƙauna a ciki, ban musa ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara in faɗa tun yanzu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wani ya rubuta wasiƙa marar suna ya kai ƙarar Kawu, aka zaunar da shi a bencin horo wata shida. Ni ne na rubuta ta. Ban taɓa neman gafararsa ba har ya tafi.

Sai na koma baya kaɗan, saboda masu karatun da ba 'yan cocinmu ba.

Muna da al'ada, duk Ista mukan yi wasan kwaikwayo a filin coci, a ƙarƙashin darbejiya. Rabin farko ranar Juma'a da la'asar, rabi na biyu ranar Lahadi bayan sujada. Sojoji sukan sa hular kwali, su riƙe takubban da Kawu ya yanka daga ragowar katako. Akan aro zakara, ko da yake a iya sanina sau biyu kawai ya taɓa yin cara a inda ake so. Kowa yana son ya fito a almajiri nagari ko mala'ika. Matsala ita ce almajirin nan da ya ci abinci kwano ɗaya da Ubangidansa, sannan ya tashi ya je ya sayar da shi. Saurayin da ya fara fitowa a shi, sunan ya manne masa kamar ƙaya a zane, har gidan da yake neman aure suka fara yi masa wani kallo. Shekara ta biyu aka rasa mai yi. Kawu ya ce a ba shi, shi ya riga ya yi aure, ba mai ƙwace masa Inna.

Ya kuwa iya. Ni na ɗinka masa jar riga, ya sami 'yar jaka ya cika ta da murafun kwalba da ya daddaɓe da guduma. In ya shigo yana tafiyar nan tasa ta gefe, yana murmushi yana girgiza jaka, yara kan ɓuya a bayan uwayensu. Wata shekara wata mata ta cire takalmi ta jefe shi. Mai ƙosai ta ƙofar coci ba ta sayar masa ranar Asabar ɗin Ista, sai Litinin. Shi kuma bai taɓa jin haushi ba, ya ce alamar aiki ya yi kyau ke nan.

Ƙarshen nasa a wasan shi ne ya watsar da murafun a gaban manya, ya ɗauki igiya, ya jefa ta a reshen darbejiya, ya shige bayan zanar da aka kafa. Shi ke nan, ba a ƙara ganinsa. Ranar Lahadi ma dole ya koma bayan zanar ya zauna, don kada yara su gan shi cikin jama'a su rikice. A ranar ne kuma ake nuna inda Almasihu ya tashi ya ci kifi da almajiransa a bakin ruwa. Kifin na gaske ne, daga Haɗeja ake sayo shi, zumuntar mata su soya. A tuna da wannan kifi, zai dawo.

Kawu ne kuma mai karatun Littafi ranar Lahadi. A nan muka fara saɓawa, ko da yake shi bai san muna saɓawa ba, ko kuwa haka nake zato. Tun zamanin dattawan farko akwai shafukan da ake saƙala wa tsinken tsintsiya, alamar a tsallake su in akwai mata da yara. Labarin 'yan'uwan da suka jefa ƙanensu a rami suka kai wa ubansu riga da jini. Labarin sarkin da ya tura sojansa gaban yaƙi saboda matarsa. Da wasu da ko a nan ba zan iya kwatanta su ba. Kawu in ya buɗe ya tarar da tsinke, sai ya zare shi ya sakace haƙori, ya karanta shafin tun daga sama har ƙasa. In ya gama ba ya ƙara bayani. Ya rufe Littafi ya ce, "Haka yake a rubuce. Ni ma ban ji daɗinsa ba." Ya koma ya zauna.

Wani dattijo ya taɓa yi masa magana a kan haka. Kawu ya ce wanda ya sa aka rubuta bai ji kunya ba, shi mai karantawa ne zai ji masa? Ya ce in aka saba wa yara cewa duk mutanen Littafi wankakku ne, ranar da na kusa da su ya ci amanarsu za su zaci Allah bai taɓa jin irinta ba. Yakan kuma ce mai cin amanarka ba daga Kano zai taso ba, kuɗin mota ma ya ishe shi, wanda kuke sa hannu tare ne. Ni ne mai share coci ranar Asabar, kuma ni ne nake mayar da tsinkayen duk mako. Tsintsiya biyu ta ƙare a haka.

To, a shekarar da nake magana, Juma'a ta wuce lafiya. Ranar Lahadi rana ta take, duwatsun Dutse suna fitar da zafi kamar tanda. An shimfiɗa tabarma, almajirai goma sha ɗaya sun zauna, wani ɗalibi da ke karatu a Kafin Hausa, wanda ya fito a Almasihu, yana raba musu kifi. Sai zana ta motsa. Kawu ya fito da jar rigarsa, igiya a naɗe a kafaɗa. Ba tafiyar gefe, ba murmushi. Ya tako har gaban tabarma, ya ajiye igiyar a ƙasa, ya durƙusa, ya buɗe baki.

Ni a lokacin na tuna cewa a can ƙarshen Littafi akwai gargaɗi mai tsanani ga duk wanda ya ƙara wani abu a kai. Ban san ko mai saurare ma yana ciki ba, amma na ga rigakafi ya fi magani. Na cusa yatsu a kunnuwana, na danna sosai. Don haka duk abin da ya biyo baya da ido na gan shi. Na ga bakin Kawu yana motsi, ba da daɗewa ba. Na ga ɗalibin ya dubi Fasto, Fasto ya dubi sama. Ɗalibin ya dubi kwanon da ke hannunsa, ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauki kan kifi ya miƙa wa Kawu. Na ga matan zumunta sun kama hanci suna guɗa, wasu suna share ido da gefen zane. Na ga dattawa biyu sun tashi sun karkaɗe riga sun fita.

Mako uku abin yana raina. Na yi ta lissafin rabona a cikin laifin. Ni na ɗinka rigar. Da ban ɗinka ba, da bai sa ba. Da bai sa ba, da bai fito ba. Na tambayi Fasto a kaikaice ko hukuncin mai ƙari yana shafar telansa, ya ce in je in sha ruwa. Da na ga Fasto ba shi da niyyar yin komai, sai na yanke shawarar sanar da babban faston da ke kula da cocin yankinmu, don in fita daga ciki.

Na rubuta da hannun hagu saboda kada a gane rubutuna. Ban sa suna ba, na sa "Mai kishin gaskiya". Na sayi ambulan, na lashe bakinta na manne. Sai na ga mannen bai yi mini ba, na ce in ya ɓalle a hanya fa, direba ya karanta? Na ɗora ta a kan keken ɗinki na bi bakin da ɗinki. Na duba, na ƙara layi na biyu, na kuma ƙulle ƙarshen kamar yadda nake yi wa aljihun wando. Zaren da ke kan keke ja ne, ragowar wanda na gyara wa Kawu hammatar riga da shi. Gaskiya a lokacin ban ga wani aibi a ciki ba, har na ji daɗin yadda layin ya miƙe. Ni kaɗai ne tela a cocinmu.

Babban fasto ya zo wata Asabar, majalisar dattawa ta zauna. Ina waje ina share gindin taga, wuri ɗaya na yi ta sharewa har ƙasa ta yi rami. Aka karanta wasiƙata. Jin maganarka a bakin wani ba daɗi, ta fi yadda na rubuta ta kaifi. Babban fasto ba mugu ba ne, har ya so ya sauƙaƙa. Ya tambayi Kawu ko ƙanshin kifi ne ya fito da shi, don in haka ne sai a ce rauni ne na jiki a wuce wurin.

Kawu ya ce, "Kifin ma ya taimaka, ranka ya daɗe. Shekara ashirin ina shaƙarsa ta bayan zana."

Aka tambaye shi ko bai san a Littafi almajirin nan da ya ci amana bai dawo ba. Ya ce ya sani, shi ne ma yake karanta wurin duk shekara ba tsallakewa. Ya ce a bayan zana ba aikin yi sai tunani, kuma abin da ya daɗe yana damunsa shi ne, almajirin da ya musanta Ubangidansa sau uku kafin carar zakara ya jira, ya ci kifi, shi kuwa wannan ya yi gaggawa da kwana biyu kacal. Babban fasto ya ce wannan duk tunani ne mai kyau, amma ba a rubuce yake ba.

Kawu ya ce, "Ban ce ya dawo ba. Shi ya tafi abinsa. Ni ne na dawo."

Na tsayar da shara, na ƙara matsawa jikin taga. Daga baya babban fasto ya ce in aka bar kowa ya ƙara abin da ransa ke so, baɗi zakara ne zai yi wa'azi. Ni har yau ina ganin yana da gaskiya a nan. Aka yanke wata shida a bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a sujada, ba karatu. Kawu ya ce ya karɓa.

Bencin baya a wurinmu shi ne na masu horo. Duk wanda ya shigo coci ya gan ka a kai, ya san akwai magana. Kawu ne ya ƙera shi tun da daɗewa, da ragowar katako. Lahadin farko ya zauna, bencin ya yi ta rawa, don ƙafa ɗaya gajera ce. Da aka tashi ya ce wa Fasto da ya san shi zai zauna, da ya yi aikin da hankali. Ranar Litinin ya zo da zarto da ƙusa. Ya daidaita ƙafar, ya goge saman har yana sheƙi, ya kuma yi masa majingina. A duk cocin ba bencin da ke da abin jingina sai shi. Kafin wata biyu tsofaffi masu ciwon baya suka fara zamewa can a hankali, har sai da Fasto ya yi sanarwa cewa wanda bai yi zunubin da aka sani ba ya dawo gaba.

Da wata shida suka cika, Kawu ya koma karatu da cin Jibi, amma bai bar bencin ba. Ya ce bayansa ya saba. Duk wanda aka sa a horo bayan haka, saurayi ko magidanci, yakan tarar da dattijo a gefensa yana miƙo masa littafin waƙa. Baƙo in ya shigo ba ya iya gane wane ne mai laifi a cikinsu. Wasan ma ya ci gaba da yi yadda aka ce, ya shiga bayan zana bai ƙara fitowa ba. Sai dai tun daga shekarar, matan zumunta sukan zagaya ta baya da kwano a rufe. Ba wanda ya ba su izini, ba kuma wanda ya hana.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne cin abinci. Tun Lahadin farko ta horo, Kawu ya tare ni a ƙofar coci ya ce, "Tela, zo mu je mu sa hannu." Da can ba ya kirana sai in da aiki. Daga ranar ya zama ƙa'ida, duk Lahadi ni da shi kwano ɗaya, tuwon Inna da miyar kuka. In akwai tsoka ɗaya a miyar, sai ya turo ta gabana da ɗan yatsa ya ce in ci. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni da na san abin da Littafi ya faɗa a kan masu sa hannu kwano ɗaya, loma takan tsaya mini a wuya, Inna ta yi ta miƙo ruwa tana cewa yaji ne.

Wani lokacin yakan ɗauko zancen mai wasiƙar da kansa. 'Ya'yansa sun so a bincika a gano shi, ya hana. Ya ce ko wane ne, mai tsoron Allah ne, tsoron ne dai ya yi masa yawa kamar gishiri a miya. Yana faɗa yana kallon tuwo, ni ma ina kallon tuwo.

Na yi niyyar faɗa masa, Allah ya sani. Sau ɗaya har na je shagonsa da rana tsaka na ce, Kawu, akwai magana. Ya ajiye guduma, ya kakkaɓe ƙurar katako daga kan wata kujera ya ba ni, ya zauna ya fuskance ni ya ce yana jina. Ya jira. Ban taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Da na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayarsa ko yana ganin damina za ta yi kyau bana. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in Allah ya yarda. Ya ɗauki gudumarsa. Na ce a raina sai wani mako. Wani makon ne ya zama shekara goma sha ɗaya.

Bayan an share makoki, Inna ta aika a kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida da wani tsohon buhu a gabanta. Ta ce tun bayan Istar da ta wuce Kawu ya ɗaure shi ya ce in ta Allah ta kasance a ba ni. Ya ce ni zan sa rigar daga yanzu, tunda ni na ɗinka ta, na san inda take matsewa.

Na kwance buhun. Ga jar riga a ninke. Ga jakar murafu. Da na ɗaga jakar sai na ji wani abu kamar takarda a ciki. Na zaro. Ambulan ce, ta yi launin ƙasa don tsufa, an yanke ta ta gefe da wuƙa a hankali, ba a taɓa bakin ba. Layi biyu na jan zare suna nan yadda na yi su, da ƙullin aljihun wando a ƙarshe. A baya, da fensirin kafinta, Kawu ya rubuta kalma huɗu: "Ɗinki ya yi kyau."

Na juya ambulan na sake duba ɗinkin. Sannan na tambayi Inna ko ta san abin da ke cikin jakar.

Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, ɗan nan. Amma na san ɗinki."

Na mayar da kai cikin buhun don kada ta ga fuskata, na yi ta lalube kamar mai neman wani abu. Sai kuma na lura da gaske akwai abin da babu. Na zazzage buhun, na juya shi. Na ce, Inna, ba igiyar.

Ta ce, "Ya ce in cire. Ya ce kai ba a ba ka igiya, za ka ɗauki abin da gaske." Ta nuna da haɓa. Igiyar tana ɗaure daga ƙusar bango zuwa bishiyar zogale, zannuwanta suna bushewa a kai.

Da na koma gida na ba mai ɗakina labari tun daga farko, ina jiran ta ɗora hannu a ka. Ba ta ko daina tankaɗe ba. Ta ce ranar da na ɗinka ambulan tana shagon tana cire wa yara ƙaya a ƙafa, ta zaci sabon salo ne. Yanzu ban san mutum nawa ne a cocin suka daɗe da sani ba. Ko jiya da na ga mai ƙosai ta ƙara mini ɗaya, na kasa ci.

Na je wurin faston da muke da shi yanzu na faɗa masa komai. Mun yi shawara. Wasa zai tafi yadda yake a rubuce, ba ƙari ba ragi, ni ma ba zan yarda da ƙari ba. Zan shiga bayan zana in zauna. Amma in an rufe wasa da addu'a, kafin a raba kifi, ya yarda in fito, ba a matsayin wancan mutumin ba, a matsayin tela, in durƙusa gaban Inna da 'ya'yan Kawu da ikilisiya. Na riga na auna, daga zana zuwa tabarma taku goma sha bakwai ne.

Saura abin da zan faɗa. Na rubuta na yage kamar yadda na saba. Sai na ga ba maganar da nake so irin wadda Kawu ya yi a ranar, wadda ta sa aka miƙa masa kifi, ni kuwa na toshe kunnena ban ji ba. Inna tana wajen suya a lokacin. Faston wancan lokaci an yi masa canji. Wani dattijo ya ce doguwar addu'a ce, amma yana cikin waɗanda suka fita. Shugabar zumunta ta ce kalma uku ce ko huɗu, in ta zo faɗa sai kuka ya ci ƙarfinta. Malam maƙwabci ya ce ta kan katanga guɗa kawai ya jiyo.

Don haka ina roƙon duk wanda yake filin coci a wannan Lahadin, kunnensa a buɗe, ya taimake ni da abin da Kawu ya ce, yadda ya faɗe shi, ba gyara. In wani ya san inda ɗalibin nan na Kafin Hausa yake yanzu, ya isar masa da saƙona, shi ne ya fi kowa kusa. Haka kuma wanda ya san a wace shekara ambulan ta shiga hannun Kawu, ina so in sani, don in san Lahadi nawa ya turo mini nama yana sane. In an samu kafin Ista, na gode. In ba a samu ba zan fito da nawa, ko da zancen damina ne ya fara zuwa.

Mai labari ba sai ya sha wahalar nemana ba. Ina bencin baya tun mako uku da suka wuce, ba wanda ya sa ni. Akwai wuri a gefena, kuma yana da majingina.